Babi na Biyar: Fitila da Tsintsiya

Mai waina a tashar Jibiya ta san wani abu da malaman tauhidi suka ƙarar da tawada mai yawa wajen bayyana shi. Da yamma a markaɗo mata shinkafar da ta jiƙa, ta zuba ɗan yis da bai cika cokali ba, ta juya, ta rufe robar, ta je ta kwanta. Ba ta hura wuta ba, ba ta ƙara komai ba. Kafin asuba ƙullun ya taso har yana taɓa murfi, kuma babu ludayi ɗaya da za ta ɗebo ta zuba a tanda wanda yis ɗin bai ratsa ba. Ko da za ta canja shawara da safe, ba ta da hanyar tsame abin da ta zuba. Bafulatanar da ke kawo kindirmo kasuwa ita ma haka take yi, ragowar nonon jiya take ɗan zubawa a madarar yau. Nata ma ya fi kusa da abin da Littafi Mai Tsarki ke nufi da yisti, domin matan Isra'ila ba su san garin yis na leda ba. Guntun ƙullun jiya da ya yi tsami suke ajiyewa, su cuɗa shi da sabon gari. A wurinsu yisti shi ne jiya ta biyo ka cikin yau. Da wannan hoto nake so in tsayar da magana ɗaya a wannan babi: zunubin da ake neman Kirista ya fitar yana cikin gidansa, hannunsa ne ya ajiye shi, ya saba da shi har ya daina ganinsa, kuma fitar da shi aiki ne da maƙwabci zai iya shaidawa.

A sura ta 12 ta littafin Fitowa aka kafa dokar fitar da yisti lokacin Idin Ƙetarewa. Daga yammacin ranar 14 ga watan farko har yammacin ranar 21, kwana bakwai cur, ba a yarda a sami yisti a gidan Ba'isra'ile ba, kuma wanda ya ci abinci mai yisti a waɗannan kwanaki za a raba shi da jama'a, baƙo ne ko ɗan ƙasa. Sura ta 13 da kuma sura ta 16 ta Maimaitawar Shari'a sun faɗaɗa abin, suka ce kada a gan shi ko'ina cikin yankin ƙasarsu. Littafin Firistoci, sura ta 2, ya hana a ƙona hadayar gari mai yisti a kan bagade. Abin lura a nan shi ne yisti bai zama kamar naman alade ba. Alade haram ne ga Bayahude kullum, ba ya shiga gidansa balle a ce ya fitar. Yisti kuwa yana kowane madafi duk shekara, uwar gida ce ta ajiye shi, yara sun tashi da ɗanɗanonsa a bakinsu. Da Allah ya so hoton mugunta da ke zuwa daga waje, da akwai su birjik: kura, maciji, rundunar Fir'auna. Sai ya zaɓi abin da ke cikin akushi. Dokar kuma ba ta ce a rage ba, ba ta ce a ɗaga shi sama a ajiye sai idi ya wuce ba. Cewa ta yi a raba gida da shi.

Yahudawa sun ɗauki wannan da gaske har suka mai da shi aikin dare guda. Mishna, wato tarin hukunce-hukuncen malamansu da aka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, ta buɗe sashenta na Idin Ƙetarewa da umarnin a bincika gida da hasken fitila a daren 14 ga wata. Har yau a gidaje da yawa maigida yakan ɗauki kyandir da gashin tsuntsu da cokalin katako, ya bi ɗaki ɗaki, ya share duk ɓurɓushin burodin da ya gani, da safe a ƙone. Mutum zai yi tsammanin hasken rana ya fi, amma rana tsakar gida take haskawa, ba ta shiga bayan randa ko ƙarƙashin gado. 'Yar ƙaramar fitila ce ke shiga lungu, kuma sai mai ita ya durƙusa.

Wanda ke zaune a Farfaru ko Magama ko cikin garin Jibiya ba a koya masa ma'anar bincike. Ya san shingayen da ke kan hanyar Katsina, ya san yadda ake sauke buhu a soka masa ƙarfe, ya san jiran da ake yi kafin a ƙetara zuwa Ɗan Isa a nufi Maraɗi. A watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe wasunsu ba sai Disambar 2020. A tsakanin nan, a Nuwambar 2019, hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, Najeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris na 2024. Kowa a wannan yanki ya ga abin da ya biyo baya. An garƙame ƙofa, kaya bai daina wucewa ba. Hanyoyin daji ne suka ƙaru, babura suka maye gurbin manyan motoci, kuɗin wucewa ya hau. Addinin Kiristoci da yawa irin wannan ne, addinin shinge. Mutum ya tsare babbar ƙofa da kyau: ba ya zuwa wurin boka, ba a ganinsa a mashaya, ba ya fashin sujada ranar Lahadi. Amma ta bayan gida akwai hanyar da shi kaɗai ya sani, kuma ta nan ƙaryar ciniki da riƙo a zuci da bashin da ya ƙi biya suke shige da fice ba dare ba rana.

Akwai dalilin da ya sa wannan jaraba ta fi ƙarfi ga Kiristan wannan ƙasa. Mishan ɗin SIM ya kafa tasha a Damagaram a 1924, ya zo Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin ya karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, daga baya aka buɗe na Danja a kudancin Maraɗi. Daga irin waɗannan wurare, da kuma ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi da Kafur, ikilisiyar Hausawa ta tsiro, kuma har gobe 'yar tsiraru ce a cikin tekun Musulmi. Ta sha wuya kuma. Ba a manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ba, ni ma ba na neman a manta. Sai dai jama'ar da aka ji wa ciwo tana saurin yarda cewa duk wata mugunta daga ƙetaren katanga take zuwa. Wa'azi sai ya koma lissafin abin da aka yi mana, addu'a ta koma neman tsari daga maƙiya, fitila kuma ta mutu a cikin ɗaki ba wanda ya lura. Manzo Bulus ya rubuta wa irin wannan 'yar jama'a a Koranti, birnin 'yan kasuwa da masu jiragen ruwa. A sura ta 5 ta wasiƙarsa ta farko ya tuhume su da cewa wani a cikinsu yana zaune da matar ubansa, su kuwa suna ta fahariya. A nan ya ɗauko hoton yisti, ya tuna musu cewa ɗan kaɗan ke game dukan ƙullu, abin da Bahaushe ya faɗa da nasa bakin da ya ce wake ɗaya ke ɓata gari. Amma a duba yadda ya rufe surar. Ya ce bai taɓa nufin su yanke hulɗa da mutanen waje ba, don da haka ne sai sun bar duniya, ya kuma ce hukunta na waje ba aikinsa ba ne, na Allah ne. Surar da ta fi kowace tsanani a kan zunubin cikin gida ita ce ta ƙwace tsintsiya daga hannun mai son share gidan maƙwabci. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Masu wa'azi da dama sun fi son kuturta a matsayin hoton zunubi, ni kuwa ina kauce mata da gangan. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, magani yana kashe ta, kuma kyauta ake ba da shi. Da yawa daga iyayen bangaskiyarmu a wannan ƙasa majinyatan Babbar Ruga da Danja ne, waɗanda danginsu suka guje su, kuma bai dace jikokinsu su zauna a majami'a suna jin ana misalta ƙazantar zuciya da yatsun kakanninsu ba. A sura ta farko ta Markus, Yesu hannu ya miƙa ya taɓa kuturu. Ba wanda ya zaɓi ciwo. Yisti kuwa da hannu ake zubawa.

To wane yisti ne ke cikin gidan mutumin bakin iyaka? Linjila ba ta bar mu da hasashe ba, domin cike take da mutanen iyaka. Matiyu yana zaune a wurin karɓar haraji a Kafarnahum lokacin da Yesu ya kira shi, kuma Kafarnahum tana dab da inda ƙasar Hirudus Antibas ta yi iyaka da ta ɗan'uwansa Filibus. Da harshen yau, ma'aikacin kwastan ne. A sura ta 3 ta Luka, masu karɓar haraji da sojoji sun zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai ce su ajiye aiki ba, bai kuma ɗora musu azumi ba. Na farko ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Na biyu ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shinge, direba yana lanƙwasa takardar kuɗi a tafin hannu yana miƙawa ta taga, ya san Yahaya bai yi magana a kan iska ba. Muna da sunaye masu laushi da muke lulluɓe abin da su. Mu ce na goro, mu ce ihsani, mu ce a taimaki juna. Mai awo da ya bubbuga gindin tiyarsa ya ce dabarar kasuwa ce. Mai canji da ya ga baƙo bai san farashin sefa ba ya ce rabonsa ne ya tsaga. Babu ɗaya daga cikinsu da ke jin ya yi wani babban abu, kuma ainihin halin yisti ke nan, bai cika cokali ba.

Zakka ne ya nuna yadda ake fitar da shi. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, garin da matafiya daga ƙetaren Urdun ke ratsawa kafin su hau zuwa Urushalima, kuma Luka ya faɗa a sura ta 19 cewa attajiri ne. Da Yesu ya sauka a gidansa, Zakka bai tsaya ga hawaye ba. Ya miƙe a gaban mutane ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, kuma duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Lissafin nan yana da tushe. Shari'ar Musa ta ce wanda ya ci amanar ɗan'uwansa, in ya zo da kansa ya amsa laifi, ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ninki huɗu kuwa, bisa sura ta 22 ta Fitowa, hukuncin ɓarawon tunkiya ne da ya yanka ko ya sayar. Zakka ya tsallake sassaucin da ake yi wa mai tuba, ya yanke wa kansa hukuncin ɓarawo. Mutanen Yariko ba su buƙaci a gaya musu ya canja ba, sun ƙirga a tafin hannunsu. Ina ganin a nan ikilisiyoyinmu suka fi rauni. Muna da kiran fitowa gaba, muna da shaidar baki mai sa a yi tafi, amma da wuya ka ji an tambayi mai tuba ko dukiyar wa ke hannunsa.

Wani zai ce wannan koyarwa tana mai da mu ƙarƙashin shari'a, alhali da alheri aka cece mu. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana cikin jerin abubuwan da kansu. Abin da ya tsirar da 'ya'yan farin Isra'ila a daren barin Masar jinin ɗan rago ne a dogaran ƙofa. Tsabtar madafi ba ta ceci kowa ba. Bulus ma haka ya jera maganarsa ga Korantiyawa: su fitar da tsohon yisti domin an riga an yanka Ɗan Ragon Ƙetarewarsu, wato Almasihu, kuma a gaban Allah sun riga sun zama sabon ƙullu. Yesu ya shiga gidan Zakka tukuna, sa'an nan kuɗi suka fita. Shara ba ta sayen ceto. Amma gidan da aka shafa wa jini, aka kuma bar tsohon ƙullu yana ta kumbura a ciki shekara da shekaru ba wanda ya damu, dole a tambaya ko masu gidan sun taɓa yin niyyar barin Masar.

Wani kuma, kuma shi na fi jin tausayinsa, zai ce mai rubutu bai san yunwa ba. Zai ce wannan iyaka Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, suka raba Katsina da Maraɗi, garin da sarakunan Katsina na dā suka kafa bayan jihadi, inda har yau ake kiran sarki da sunan Sarkin Katsina. Zai ce 'yan bindiga sun hana noma a ƙasar Jibiya, an rufe iyaka an hana fatauci, to saurayin da ya ɗauko buhun shinkafa biyu a babur don ya ciyar da uwarsa shi ne mai zunubi? Ba zan zauna a inuwa in yanke wa wannan yaro hukunci ba, kuma ra'ayina shi ne rufe iyakar 2019 talaka ta fi gallazawa. Amma gaskiya ba ta ƙare a nan ba. Bulus ya rubuta wa Romawa, a sura ta 13, su biya haraji da kuɗin fito ga wanda ya wajaba, kuma gwamnatin da yake magana a kanta ta Kaisar ce, ba ta adalai ba. Ban da haka, hanyar daji ba ta tambayar abin da ke cikin buhu. Wadda shinkafa ta bi, ita ƙwayar tiramol ke bi, ita jarkokin fetur da burodi ke bi zuwa sansanin waɗanda suka hana noman. Wanda ya fara da buhu biyu da 'yar ƙarya a shinge, wata rana za a ba shi kaya a ɗaure a ce kada ya buɗe, kuma bakin da ya saba da ƙarya zai yi masa nauyin cewa a'a. Talauci yana rage nauyin laifi a idon mai adalci. Ba ya hana yisti aikinsa. Kuma in ikilisiya za ta ce wa yaron nan ya bari, wajibi ne ta buɗe rumbunta, domin Yahayan da ya tsawata wa sojoji shi ne ya ce mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya.

Saura mai cewa ai ba wanda zai iya fitar da zunubi duka, don haka wahalar banza ce. Rabin maganarsa gaskiya ne. Wasiƙar Yahaya ta farko ta ce mai da'awar ba shi da zunubi kansa yake ruɗi. Ƙullun da aka bari a buɗe ma yakan yi tsami ko ba a sa masa komai ba. Shi ya sa idin yake dawowa kowace shekara, ba a yi shi sau ɗaya an gama ba. Matar da ta san hunturu zai sake kawo ƙura gobe ba ta fasa shara yau. Haka nan mai cewa Yesu da kansa ya misalta Mulkin Sama da yisti a sura ta 13 ta Matiyu bai rushe komai ba, ƙarfafa maganar ya yi. Abin da hoton ke ɗauke da shi shi ne ƙaramin abu ɓoyayye yana mamaye babba, ko na alheri ko na sharri, kuma zuciya ba ta zama babu ɗaya daga cikinsu. Wannan ne ya sa ba a ce Isra'ila su yi azumin kwana bakwai ba, cewa aka yi su ci abinci marar yisti. Yesu ya yi kashedi, a sura ta 12 ta Matiyu, game da gidan da aka share aka gyara aka bar shi wayam, mugun ruhu ya dawo da bakwai da suka fi shi. Bulus ya gaya wa Afisawa cewa ɓarawo ya daina sata, ya kama sana'a da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Hannun da ya saba karɓa a ɓoye bai warke ba sai ya koyi bayarwa.

A sura ta 12 ta Luka, Yesu ya kira yistin Farisiyawa da sunansa, ya ce munafunci ne, kuma nan take ya ƙara da cewa babu abin da ke rufe da ba za a tone ba. Farisiyawa su ne gwanayen tsaron babbar ƙofa a zamaninsu. Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, kada ka jira Ista. Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, ka keɓe dare ɗaya, ka kashe waya, ka ɗauki takarda ka rubuta sunan duk wanda haƙƙinsa ke hannunka, da adadin, har da wanda ya riga ya haƙura. A sura ta 5 ta Matiyu an ce wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa ya ajiye baikonsa a gaban bagade ya je su shirya tukuna. In mai haƙƙin yana Ɗan Isa ko Maraɗi, ka ƙetara ka kai masa. In Musulmi ne, da shi za ka fara.